Verla Opdahl da Kalmar da Ta Ɓace wa Malama Idella

Ƙarfe bakwai da minti goma take buɗe ƙofar baya ta ofishin waya na garin Aldren, da rani da sanyi. Ta buga takalmanta a dokin ƙofa ta kakkaɓe ƙanƙara, ta kunna fitila, ta ɗora kofi, ta rataya jakarta a bayan kujera. Iyakar amfanin kujerar ke nan. Shekara talatin da huɗu Verla Opdahl ta yi a ofishin nan, kuma waɗanda suka yi aiki da ita sun ce in ka tara duk zaman da ta yi bai kai na wata guda ba. Da zarar ta maƙala abin saurare a kunne sai ta shiga kai da kawowa, daga taga zuwa durowar takardu, daga durowa zuwa taga, har sawunta ya cinye dardumar wurin aka canza sau biyu.

Sai ƙarfe takwas ake buɗe layi, amma makiyayi bai san takwas ba. Kafin kofin ya tafasa wayar ta fara kuka. Ranar Juma'a mai zuwa Verla za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata ta fita ta ƙofar bayan nan shiru ba, kamar yadda ta saba shigowa.

Lokacin da ta fara aiki, kukan mutane bai wuce iska ta tsinka waya ko layi yana ƙara ba. Da intanet ta shigo gidajenmu sai kukan ya sauya. Cikin kira goma, huɗu na mutumin da ya manta kalmar sirrin wayifai na gidansa ne. Ya sayi sabuwar waya, ko jikoki sun zo hutu, ko talabijin ta watsar da abin da ta riƙe, sai ga shi tsaye a tsakiyar falonsa, akwatin intanet ɗin da ya saya da kansa yana ƙyafta masa ido, ya hana shi shiga. Wanda abin bai taɓa samu ba zai ce ƙaramar magana ce. Amma a nan, inda maƙwabcinka mafi kusa yake mil uku, ta akwatin nan kake ganin farashin alkama, ta nan kake ganin likita, ta nan kake ganin fuskar ɗanka da ya tafi birni.

Verla ba ta taɓa tambayar kowa yadda aka yi ya manta ba. Hanyarta uku ce, kuma a jere take bin su. Da farko ta sa ka juya akwatin ka duba takardar da ke manne a ƙarƙashinsa. In ka riga ka canza kalmar, sai ta tambaye ka ko akwai wata waya ko kwamfuta a gidan da har yanzu take shiga da kanta, domin wadda take shiga tana riƙe da kalmar a cikinta. Sai in duk sun ƙi sannan ta kai ka ga ɗan ramin da ke bayan akwatin, wanda ake tsira wa tsinke ya manta komai, a sake gini daga tushe.

Leland Roth ya isa shaida. A tsakiyar lokacin haihuwar shanu wayarsa ta faɗa kwamin ruwa, ya sayo sabuwa, ta ƙi nuna masa kyamarorin da ya kafa a garke. Ya kira yana huci, ya ce kalmar nan ta Verla ta gudu.

"Tawa ce, Leland? A ina ka rubuta ta?"

"A jikin ƙofar garke."

"To taka ka karanto mana."

Ya ce ai bijimi ya karya ƙofar tun watan Nuwamba, ya faskara ta ya sa a murhu. Verla ta ce to ya ji ɗumin kalmarsa, yanzu ya yanko guntun wayar shinge ya zo su tsira wa akwatin. Awa biyu suka yi suna mayar da kyamarori huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana zagin kamfanin da ya ƙera su, tana kai da kawowa. Da ta huɗun ta buɗe sai ya ga wata karsana kwance a lungu, ɗan maraƙin ya taho da baya. Ya yar da wayar ko sallama babu. Uwa da ɗa duk sun rayu.

Akwai kuma wanda ta hana. Ba zan faɗi sunansa ba, ya bar garin. Ya kira ya ce ya manta kalmar gidansa, alhali wata uku ke nan da ya bar gidan, kuma matar ta cire sunansa daga layin. Verla ta san akwai kyamara a ƙofar gidan da kuma ɗakin girki. Ta ce masa mai gida kaɗai take taimaka wa ya shiga gidansa. Ya zo ofis da kansa ya buga tebur har kofi ya zube. Ta goge teburin, ta maimaita masa abin da ta faɗa a waya, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Verla, ke ce wadda ƙafarki ba ta zama wuri ɗaya, amma maganar mutane in ta shiga kunnenki nan take kwana. Ke ce kika san wanda idonsa ya fara rauni da wadda hannunta ya fara rawa tun kafin 'ya'yansu su sani, kuma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinki ba.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na wata ranar Laraba ne a watan Maris na bara.

Tun daren Litinin ƙanƙara take zuba, iska tana tara ta a kan hanya, har motar share hanya ta haƙura da ƙananan titunan gonaki. Ƙarfe ɗaya saura minti goma na rana kira ya shigo. Verla ta ga lambar, ta gyara tsayuwa ba tare da ta sani ba. Idella Fettig ce, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ta koyar da rabin garin nan a aji huɗu, har da Verla. Tun rasuwar mijinta Alvin take zaune ita kaɗai a gonarsu, mil goma sha tara daga gari. Har yau babu wanda ya ratsa ajinta da yake iya kiran sunanta kai tsaye. Malama muke ce mata.

Ba ta yi gaisuwa mai tsawo ba. Ta ce intanet ɗinsu ta lalace, a gyara kafin ƙarfe biyu. Verla ta duba kwamfutar gabanta, ta ga layin lafiya ƙalau. Ba ta faɗa ba. Ta tambaya me ake so a yi ƙarfe biyu. Da ƙyar maganar ta fito: 'yarta Connie da ke Minneapolis ta aiko mata da sabuwar na'ura, irin mai faɗi kamar littafi da ake latsawa da yatsa, kuma ƙarfe biyu likita zai gan ta ta ciki, Connie ma za ta shigo daga can. Na'urar tana tambayar kalmar sirri.

"Kuma kalmar ba ta kusa," in ji Verla.

"Ban ce na manta ba."

"Ni ma ban ce ba, Malama."

Suka fara daga farko. Akwatin ba na kamfani ba ne, Alvin ne ya sayo shi, don haka Verla ba ta da hanyar taɓa shi daga ofis. Ya ɗora shi can saman kabad ɗin zaure, kusa da rufi, wai ya fi kamawa. Malama ta ce takardar ƙarƙashin ba za ta yi amfani ba, domin ita da kanta ta zaɓi sabuwar kalma shekara shida da suka wuce. Verla ta ambaci ɗan ramin tsinke da ke bayansa, ta ce shi ne na ƙarshe in komai ya ƙi. Verla tana cikin lissafin yadda za a yi sai ta ji ƙarar ƙafar kujera ana jan ta a kan katako.

"Malama, mece ce wannan?"

"Kujera ce. Kin ce akwai rami a bayansa."

"Mayar da ita. In kika faɗo yau, babu motar da za ta kai gare ki kafin gobe. Ba zan ƙara cewa komai ba sai na ji ta koma gindin tebur."

Malama ta ce tun Verla tana 'yar shekara tara ba ta iya zama wuri ɗaya ba, yanzu kuma ta girma ta koyi ba da umarni. Amma an ji kujerar ta koma.

Ɗaya da minti bakwai. Verla ta tambayi ko akwai abin da yake shiga intanet da kansa a gidan. Akwai: tsohuwar kwamfutar Alvin ta kan tebur, a ɗakin ɗinki, inda Malama take kallon hotunan jikoki. Sai dai wayar gidan irin ta jikin bango ce, a ɗakin girki, igiyarta ba ta kai ko zaure ba. Tsakanin wayar da kwamfutar taki goma sha huɗu ne, ga ƙugu mai ciwo. Duk abin da Verla ta faɗa, sai tsohuwar ta ɗauke shi a kanta ta kai can, ta aikata, ta dawo.

Ta je ta kunna ta dawo. Kwamfutar ta shiga nishi irin na tsofaffin injuna, babu abin yi sai jira. A ofis fitilun sauran layuka suna ta ƙyaftawa, Verla ta yi wa abokiyar aikinta alama da hannu ta ɗauke su duka. Ta kai taga, ta dawo durowa, ta kalli agogo. A can ɗaya ɓangaren babu abin da ake ji sai iska tana dukan gilashi. Can sai Malama ta yi magana da wata murya da Verla ba ta san ta da ita ba.

Ta ce tun jiya da safe take gwadawa. Ta rubuta duk kalmar da ta gwada a bayan ambulan, sun kai ashirin da uku. Ta ce Connie ta riga ta nemo mata ɗaki a wani gidan tsofaffi kusa da ita, kuma sun yi alkawari: in an ga ba za ta iya da kanta ba, da bazara za ta bar gonar. In ƙarfe biyu ta yi ba ta bayyana ba, ai magana ta ƙare, ba sai likita ya buɗe baki ba. Sannan ta faɗi abin da ba ta gaya wa kowa ba. Makon jiya ta bar tukunya a wuta har ta ƙone ƙurmus. Kuma wata Lahadi a watan Janairu, tana dawowa daga coci, ta tsaya a mararrabar da ta shekara hamsin tana bi, ta rasa hagu za ta yi ko dama. Minti ashirin ta yi a wurin da inji a kunne.

"Kada Connie ta ji wannan a bakinki."

"Ba za ta ji a bakina ba," in ji Verla. "Je ki duba ko ta gama tashi."

Ɗaya da minti ashirin da biyu. Verla ta yanka aikin gunduwa-gunduwa, abu ɗaya a kowace tafiya. Latsa 'yar alamar da ke ƙasa ta dama. Dawo. Nemi sunan gidanki a jerin. Dawo. Duk lokacin da aka ajiye wayar a kan tebur, Verla tana jin takun yana nisa, tana ƙirgawa, ƙafarta ita ma tana takawa a kan dardumar ofis. A tafiya ta huɗu takun ya tsaya a tsakiyar zaure. Ya daɗe. Sai ya juyo.

"Me kika ce in latsa?"

Verla ta maimaita kamar yanzu ta fara faɗa, ta ƙara da cewa laifinta ne da ta haɗa abu biyu, daga yanzu a rubuta kafin a tafi. Ba ta haɗa abu biyu ba. Su duka sun san haka.

Sau biyu wayar ta yi ƙarar da ke nuna wani yana kira. Malama ta ce Connie ce, a bar ta. Sau ɗaya kuma ta latsa inda bai dace ba, komai ya rufe, suka koma baya taki uku. Biyu saura kwata numfashinta ya fara fita sama-sama, Verla ta ce ta zauna ta sha ruwa na minti ɗaya, ko da yake ita kanta minti ɗayan nan ji ta yi kamar ana zare mata jijiya.

Tafiya ta tara ce ta ƙarshe. Akwai wani ɗan gurbi da in ka latsa shi, ɗige-ɗigen da suka ɓoye kalmar sai su koma haruffa. Verla ta ce ta kwafe ta daidai yadda ta gan ta, baƙi bayan baƙi. Takun ya tafi. Shiru. Ya dawo da sauri fiye da kowane lokaci. Malama ta fara karantowa, Verla ta tare ta, ta ce kada ta faɗa, kalmarta ce, ko ita ba ta so ta sani. Ta ce ta dai duba ambulan ɗin, ko akwai mai kama da ita.

Aka ji ƙarar takarda.

"Ta uku ce," in ji Malama. "Ita ce ta uku da na gwada jiya. Baƙin farko ne kawai babba."

"Ke da kika rage mini maki biyar a kan babban baƙi," in ji Verla.

Tsohuwar ta yi wata dariya da ta fi kama da kuka. Ta shigar da kalmar, na'urar ta karɓa. Biyu saura minti takwas.

A nan ne aikin Verla ya ƙare, kuma da ta yi sallama babu mai ganin laifinta. Amma Malama ta ce, cikin murna, ashe kanta lafiya yake, babu abin da za ta gaya wa likita sai alheri. Verla ta tsaya cak a tsakiyar ofis. Ta san abin da ake so ta ce. Ta kuma hango mararrabar nan a ranar da sanyi zai iya kashe mutum cikin mota.

"Wannan kam ba ki manta ba, Malama, kuma na yi murna. Amma tukunyar da mararrabar, ki gaya wa likita. Ni na yi alkawari ba zan faɗa ba, shi ya sa dole ke ki faɗa."

"Ba a tambaye ki ba, Verla Opdahl."

Aka kife waya.

Biyu da minti ɗaya Verla ta ga layin gonar ya cika da aiki, ya yi minti hamsin a haka. Ta san ana magana, ba ta san me ake faɗa ba. Lambar Connie tana nan a gabanta, a gurbin wanda za a kira in wani abu ya faru. Sau uku ta kai hannu, sau uku ta janye. Abincin ranarta haka ya koma gida a cikin jaka.

Mako biyar aka yi. A coci Malama ta kan kawar da kai in sun haɗa ido. Verla ta rasa sukuni. Wani lokaci ta ce ta yi katsalandan a abin da ba nata ba, wani lokaci ta ce shirun da ta yi wa Connie shi ne babban laifin. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta roƙi mai raba wasiƙu na hanyar nan, ba tare da ta ba shi dalili ba, in ya ga wasiƙar jiya tana nan cikin akwati ya ƙwanƙwasa ƙofa.

A ƙarshen Afrilu mota ta tsaya a gaban ofis, Connie ce a gaban sitiyari. Malama ta shigo tana dogara sanda, ta ajiye faranti na kuchen, wani kek mai zaƙi, da zafinsa, a kan tebur. Ta ce ta gaya wa likita a ranar, duka, Connie tana ji. Ta yi fushi ne domin an fi ta gaskiya, kuma wadda ta fi ta ɗin yarinyar da ba ta iya zama a benci ba ce. An yi gwaje-gwaje. An canza mata wani magani, abin ya yi sauƙi, amma mantuwar ta gaske ce, ta fara, kuma ba za ta koma ba. Makullin mota ita da kanta ta miƙa. Da yake ita ta buɗe maganar da bakinta, sai aka saurare ta a kan sauran: ba ta je Minneapolis ba. Ta gama bazara da rani a gonarta, da kaka ta dawo wani ɗan gida a cikin Aldren, layi biyu daga coci, inda kowa ya san sunanta ko da ita ta manta nasa.

Verla, mun gode. Mun gode da safiya dubu takwas da wani abu da kika ɗaga waya ba ki sa kowa ya ji shi wawa ne ba. Ke ce kika nuna mana za a iya rufa wa mutum asiri kuma a gaya masa gaskiya a numfashi ɗaya. Ku da za ku gaje ta, da ku da kuke zaune a bayan kowane tebur da mutane ke zuwa da kunyarsu a hannu, a asibiti ne ko banki ko gidan waya, ku yi koyi da ita. Wanda ya kira yana faɗa a kan kalma ɗaya, sau da yawa ba kalmar ce ta ɓace masa ba. Ku yi haƙuri har ya faɗi sauran.

Ba daga bakin Verla na fara jin wannan labari ba. Sai da aka ba ta izini sannan ta cike mini gurabe, tana yi tana kallon ƙofa. Malama Idella ce ta aiko a kira ni makon jiya. Ta ce in rubuta yanzu, tun tana riƙe da shi. Da na gama na karanta mata sau biyu, ta gyara mini waƙafi uku, sannan ta ce in ƙara wannan a ƙarshe, kada in taɓa ko harafi:

"Verla, wata rana za ki gaishe ni in dube ki ban san ki ba. In ranar ta zo kada ki ji ciwo. Yau na san ki, na san abin da kika yi mini, kuma na sa an rubuta."